Gorar da Ke Tokare da Rufin Abba

Mararaba,
Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga mai sunan Malam,

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda ya ɗaga sammai ba tare da ginshiƙi ba, ya shimfiɗa ƙasa ba da igiyar awo ba, ya kafa duwatsu su zame mata turaku. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ina miƙo maka gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta fi yashin rafi yawa, ta fi ruwan randa sanyi, gaisuwar uba wadda ba ta tsufa. Ina gajiya, yaya fama da aiki, yaya baƙuntar sabon wuri? Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ya kuma tsare abin da ke bisa kanka. Wannan addu'a ta ƙarshe ita ce dalilin takardar nan.

Ka yi mini afuwa, Abba, da na kutso kai cikin aikinka ba a gayyace ni ba. Na san kai ne injiniya, ni birkila ne kawai, mai cokalin gini da igiya. Abin da ka karanta a shekarun jami'a ya fi abin da hannuna ya taɓa, kuma ba zan ce maka abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, domin a wannan lamari na tabbata ka hango abin da na hango, wataƙila ma ka riga ni. Ba iliminka nake tsoro ba. Shirunka nake tsoro, domin na san inda ka gado shi.

Za ka yi mamakin takarda tsakanin mutum biyu da mota ɗaya za ta haɗa. To kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ka ci. Tun ranar da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa furta shi ba, ban taɓa zaunar da kai mu yi doguwar magana ido cikin ido ba. In na kira ka a waya, ka ce, "Lafiya lau, Baba," in ce, "To madalla," sai mu yi shiru muna sauraron numfashin juna har kati ya ƙare. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Ni kuwa yau su biyun sun haɗu a ƙirjina suna kokawa, tsoro ya kayar da kunya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tsoro ya sauka gidana bai yi sallama ba,
Ya hau kan tabarmata bai nemi izini ba,
Na miƙa masa ruwa, bai ko dubi ƙoƙon ba,
Ya ce: ba ni tashi, tun da ɗanka bai amsa ba.

Ga abin da ya faru. Jiya mahaifiyarka ta matsa sai na kai maka katifa da gidan sauro can wurin ginin da aka damƙa maka a gefen Kuchigoro, tun da ka ce a ɗakin ƙasa na kangon za ka riƙa kwana don ka huta da cunkoson hanyar Mararaba. Na isa ba ka nan, aka ce ka tafi Maitama wurin mai ginin. Na shiga ɗakin naka na ajiye kaya, sai na ɗaga kai, halin magini. Dekin na farko ne a bisa kaina, wannan rufin kankare da kuka zuba makon jiya. Har yanzu launinsa bai washe ba, na ɗora tafin hannu a jikin ginshiƙi na ji sanyin ɗanyen siminti. Gorar da aka tokare shi da ita tana tsaye sahu-sahu kamar masu salla, sai dai sahun baya ya ragu. Na leƙa waje, na ga wani kafinta mai suna Yakubu yana miƙa gora sama, ana karɓa.

Na ce, "Sannu da aiki. Ina za a kai gorar nan?"

Ya ce, "Sama, Baba. Asabar za mu zuba dekin na biyu. Oga ya ce gora ya yi tsada, ba zai saya sabo ba. Wai mu cire na ƙasa mu tokare na sama."

Na ce, "Na ƙasan ya nuna ne?"

Ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Baba, ni ma jikina bai so ba. Amma mai kuɗi ne da magana."

Na ce, "Injiniya fa, me ya ce?"

Ya ce, "Injiniya ya yi shiru. Sabon zuwa ne, ka san sabon zuwa ko tari ba ya yi a gaban oga. Kai wane ne nasa?"

Na ce, "Yaron gidanmu ne."

Na fito. A zauren kangon na ga tabarmi a naɗe da ƙullin tufafi na leburorinka, mutanen da suka baro garuruwansu na gabas suna gudun bindiga, suka zo nan suna ɗaukar kankare a ka. Su ma a ƙarƙashin rufin nan suke kwana. Sun tsere wa mutuwa mai ƙara, ga su a inuwar mai shiru.

Bari in ba ka labarin kurakuraina, ba don in yi kuka a gabanka ba, sai don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na farko na yi shi ne ga mutumin da ka ci sunansa. Malam maginin ƙasa ne a Zariya. Yakan jiƙa ƙasa da ciyawa ya bar ta ta kwana ta ruɓa, ya mulmula tubali, ya ɗora sahu guda, sa'an nan ya wanke hannu ya tafi gida. Ba ya ɗora wani sahu sai na ƙasa ya bushe ya ƙeƙashe. Ni ina saurayi, jinina yana tafasa, labarin Abuja yana zuwa mana cewa ana tayar da bene kafin mai shayi ya sauke tukunya. Wata rana na ce masa, "Malam, wannan aiki naku na hawainiya ya wuce yayi." Bai ɗaga kai daga tubalinsa ba, ya ce, "Haruna, gini ba ya ƙin jira, mai gini ne ke ƙi." Na tattara komatsaina na taho. Soron da yake ginawa a ranar yana nan har gobe, jikokin mai shi suna kwana a ciki ba fanka, kuma in wani gefe ya zaizaye, ƙasar bayan gida ce maganinsa. Gidajen gilashi da na taya ginawa a Maitama kuwa, in janareta ya mutu da rana tsaka, masu su a mota suke fakewa. Ban ce ka koma ginin ƙasa ba, zamani riga ne. Cewa na yi kada ka raina duk aikin da ke buƙatar jira, domin jiran yana cikin kayan ginin, kamar yashi da ruwa. Shi kaɗai ne ba a saya a kasuwa, shi kuma aka fi ƙyashin kashewa.

Kuskure na biyu kai ma ka sha ruwansa, har a gadonka. Gidanmu na farko a nan Mararaba, da rani na sayi filin, saboda araha. Na ga wani ɗan kwari ya ratsa ta gefe, na ce wannan ai tifar ɓaraguzai kaɗan za ta cike shi. Na cike, na buga bulo da kaina, na ja buhun siminti ya haifi 'ya'yan da suka fi ƙarfinsa, na kuma yi rowar ruwan shayar da su. Na yi ta yi wa kaina kirari cewa na gina gida da rabin abin da wasu ke kashewa. Damina ta biyu ruwa ya dawo neman hanyarsa, ya same mu a kai. Kana tune da ranar da mahaifiyarka ta ɗora ku a kan tebur, kwanukanta suna yawo a tsakar gida kamar agwagi? Bangon ɗakinta ya narke kamar gishiri. Ta dube ni ta ce, "Malam, ashe a gidan ruwa muke haya ba mu sani ba." Gidan nan sau biyu na gina shi, na ukun kuma ƙaura ce. Araha ba ta ado, an faɗa, ni kuwa na ƙara da cewa araha a gini bashi ne da ƙasa ke rubutawa, ba ta mantuwa, ba ta kuma yafewa. Duk abin da ka ɓoye a cikin bango, damina za ta karanta shi a bainar jama'a.

Waɗannan biyun dukiya suka ci. Na uku shi ne wanda ya hana ni cin abinci tun jiya.

Ka san Baba Bitrus, mai ba da hayar ƙarafan tokare a bakin titi, wanda yake ba ka alewa daga kan kekensa na guragu tun kana rarrafe. Ka san gini ne ya faɗa masa. Abin da ba ka taɓa ji daga bakina ba shi ne yadda safiyar ta kasance.

Shekarar da mahaifiyarka take ɗauke da cikinka, ni ne shugaban magina a wani bene da ake yi wa wani attajiri, Bitrus shi ne kafinta. Mutumin kan dutse ne, mai barkwanci, ba ya kirana sai Bazazzagi. In na tsaya ina rera baiti sai ya ce, "Bazazzagi, ka cika baiti, ba ka cika kwano ba. Waƙa za mu ci?" In ce masa, "Kai dai ci gaba da cin ƙusa, ɗan dutse." Kwano ɗaya muke cin abinci, in na tafi salla shi ke gadin takalmina.

Muka zuba dekin na farko. Mai ginin ya zo da babbar riga yana duban agogo, ya ce farashin siminti yana hawa, masu haya suna jira, a cire gorar ƙasa a kai sama a zuba na biyu. Bitrus ya ƙwanƙwasa kankaren da guduma, ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, wannan ɗanye ne. Kamar maɗigar jariri yake, bai haɗe ba."

Mai ginin bai ko dube shi ba, ni ya duba. Ya ce, "Malam Haruna, kankare tuwo ne da za a jira ya huce? Kai ne babba a nan. Za a iya ko in nemo wanda zai iya?"

Abba, na sani. Wallahi na sani kamar yadda na san sunana. Amma na tuna ragon suna, na tuna kuɗin haya, na tuna birkiloli nawa ke zaune a bakin titi da cokulansu suna jiran a kira su. Ban ce za a iya ba. Ban kuma ce ba za a iya ba. Na sunkuyar da kai ina wasa da igiyar awo. Shirun nan shi aka ɗauka a matsayin amsa.

Da hantsi ne, rana tana haske, babu hadari, babu iska. Leburori suna hawa da kwanukan kankare a jere, suna waƙa. Kai ka fi ni sanin lissafin: nauyin sabon kankare yana bin gorar sama ya sauka a kan dekin na ƙasa, shi kuma an zare masa ƙafafu. Na ji wata ƙara ƙarama tukuna, kamar an karya kara. Sai ƙasa ta yi tsawa. Ƙura ta rufe rana. Da ta lafa, bene mai hawa biyu ya koma tsibi, rodi ya yi cirko-cirko kamar gashin mahaukaci. Na saman suka zubo da raunuka, Allah ya kiyaye rayukansu. Bitrus kuwa yana ƙasa, ya shiga kwaso sauran katako.

Muka yi ta tono da hannu har farce ya fita. Can sai ga matarsa Saratu, ba ɗankwali, ba takalmi. Matar nan shekara da shekaru ban taɓa jin ta kira shi da wani suna ba sai Baban Rifkatu. Ta hau kan ɓaraguzan nan ta durƙusa, ta sa baki a wata kafa tana cewa, "Bitrus! Bitrus! Bitrus!" Har yau in na ji an kira sunan nan da ƙarfi a kasuwa, sai in tsaya in waiwaya.

An fito da shi da rai, amma ƙafafunsa ba su ƙara jin kira ba. Mai ginin, da ya yi ƙyashin kuɗin gora, ya yi asarar siminti da rodi da tsakuwa da fili da suna. Aka kwashe benen nasa a tifa aka je aka zuba a wani rafi, rafin ya toshe, ya shiga gidajen bayin Allah da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Dutsen da aka fasa, yashin da aka yashe, gorar da aka sare daga bakin ruwa, duk sun tafi a banza, sai an sake fasa wani dutsen a yashe wani rafin. Wannan shi ne tsimin da na gani da idona. Na ji ku 'yan boko kuna maganar gini mai ɗorewa, mai tausayin ƙasa da aljihu. Magana ce mai kyau. A nawa ɗan sanin, farkonta shi ne a yi gini sau ɗaya.

Kankare jariri ne, a goya shi ya yi ƙwari,
Mai sauke goyo tun da wuri don yana sauri,
Ya lissafa riba da hantsi, azahar ta zo da hatsari,
Gaggawa ba ta gina gida, sai dai ta haƙa kabari.

Yau da safe na je wurin Bitrus. Ya ga fuskata ya ce, "Bazazzagi, wa ya mutu? Ko baiti ne ya maƙale maka?" Na zauna a kan benci na faɗa masa duk abin da na gani. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya daɗe yana duban ƙarafan nan nasa da ke jingine, waɗanda ya shiga sana'arsu bayan ya bar asibiti, domin ya rantse ba zai ƙara ganin an tokare rufi da abin da za a yi rowarsa ba. Ƙarfe ne, ana ɗaure shi a kwance shi, ya yi gini bayan gini ba a sare ko gora ɗaya ba. Ya ce, "Ka ce wa yaron ya aiko mota ya kwashi yadda yake so."

Na ce, "Ogansa ba zai biya haya ba."

Ya bugi hannun kekensa ya ce, "Wa ya yi maganar haya? Ni na riga na biya, da ƙafafu biyu. Ɗanmu ne. Ka faɗa masa in ya bari aka cire gorar nan, kada ya ƙara gaishe ni."

To ka ji. Yanzu ba za a ce maka babu abin tokarewa ba.

Ga shawarata, ka ɗauka ko ka gyara ta da iliminka. Ka je wurin mai ginin tun kafin Asabar. Kada ka je da faɗa, kada kuma ka je da roƙo. Mutumin ba maƙiyinka ba ne, shi ma tsoro ke korarsa: kayan gini suna tashi kullum, waɗanda suka zuba kuɗi suna kiransa. Ka yi masa magana da harshen da aljihunsa ke ji. Ka ce masa gorar da aka cire a mayar, dekin na ƙasa ya ci gaba da shan ruwa a tokare har ya cika kwanakin da littafinku ya yanka masa, na sama kuma ga ƙarfe kyauta. Ka ce masa jira kaɗan ya fi masa arha a kan tifar da za ta kwashe bene. In ya ce maka, "Za a iya ko in nemo wanda zai iya?" to ga wurin da ubanka ya faɗi. Kada ka sunkuyar da kai. Ka dube shi da ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, ba za a iya ba." Kalma ce gajera, na shekara ashirin da wani abu ina maimaita ta a zuci, ba ta da sauran amfani a bakina. Na ba ka ita gado tun ina raye.

Na san abin da ke ranka. Na ga yadda ka yi ta yawo da takardunka ofis-ofis har takalminka ya cinye, na ga murnar mahaifiyarka ranar da aka ɗauke ka. Kana tsoron ka dawo Mararaba da katifa a ka, maƙwabta suna leƙe. Ka dawo! Ɗakinka yana nan, tuwon gidan nan bai taɓa ƙin isa ba. Aiki in ya tafi wani yana zuwa, ƙashin baya kuwa guda ɗaya aka ba kowa. In kuwa ya kafe sai an cire, kada ka fita kai kaɗai. Ka faɗa wa Yakubu da leburorin nan gaskiya da bakinka, su kwashe tabarminsu, ka kuma sanar da hukumar da ke duba gine-gine. Wanda ya san rami ya yi shiru, shi ya tura makaho.

Kuma tun daga yau, ina roƙonka don girman Allah, kada ka kwana a ƙarƙashin rufin nan sai an mayar da sahun gorar da aka zare. Mahaifiyarka ba ta san komai ba. Ta tambaye ni ko ɗakin yana da kyau, na ce mata yana da iska. Ban san kwana nawa zan iya riƙe wannan amsa ba.

Na ba Ɗanladi direban tifa takardar nan, shi da ke kawo muku yashi. Gobe zai sake zuwa da lodi. Ina roƙonka ka ba shi amsa a rubuce, da hannunka, ba ta waya ba, domin a waya za ka ce mini lafiya lau, ni kuma kunya za ta hana ni ƙara tambaya. Ba na neman dogon bayani ko baiti irin nawa. Abu biyu kawai: a ina za ka kwana, kuma gorar tana tsaye ko an cire.

In Ɗanladi ya dawo hannu wofi, to ka sani jibi zan naɗe tabarmata in ɗauki butata in zo in shimfiɗa a gefen katifarka. In rufin ya tsaya, mu tashi tare. In mai ginin yana so a zare gora, sai ya zare ta a kan furfurata.

Allah ya kiyaye ka da kiyayewarsa wadda ba ta gyangyaɗi. Ya ba harshenka nauyi a gaban masu iko, ya sanya tausayi a zuciyar mai ginin, ya mayar da kowane lebura ga iyalinsa da ƙafafunsa. Ya sa ka gina abin da jikokin wasu za su kwana a ciki suna yi maka addu'a ba su san ka ba.

Abba, tun da aka haife ka ban kira sunanka na yanka ba, kuma na yi niyyar in koma ga Ubangijina ban kira ba, kamar yadda iyayenmu suka yi. Na ga ranar da Saratu ta kira sunan mijinta. Kada ka sa in kira naka a irin wannan wuri.

Ka rubuto da gaggawa. A nan kaɗai na yarda da gaggawa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna Birkila